Shekara Tara Bayan Nasiru: Ginin da Na Juya Ya Kalli Hanya

Ni ne na yi kuskure, ba Nasiru ba. Da wannan nake so in fara, domin har yau ina haɗuwa da mutanen da suka ji labarin a karkace kuma gyaran bai kai gare su ba. Bana shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena, Injiniya Nasiru, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Duk shekara idan bazara ta kama nakan ce zan rubuta, sai in ga ni ba ma'abocin rubutu ba ne, in fasa. Bana na ce ko a karkace ne sai na rubuta.

Sunana Lawali, magini ne ni a Talata Mafara. Karatuna bai wuce firamare ba. Daga nan na bi kawunmu, na fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, har na zama mai ɗaukar aiki da kansa yana da leburori. Nasiru shi ne ya yi nisa. Ni nake goya shi a keke in kai shi makaranta, daga baya ya wuce Sakkwato, ya wuce Zariya, ya dawo mana da karatun gini. Ranar da ya dawo na yi alfahari da shi fiye da kowa a gidanmu. Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin: a raina ina ganin yaron da na koya wa riƙon cokalin siminti ba zai koya mini inda ake kafa bango ba.

Aikin da ya haɗa mu ɗakin shan magani ne a wani ƙauye da ke bakin hanya tsakanin Talata Mafara da Bakura. Wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyinsa, ta ba Nasiru zane da kula da aiki, shi kuma ya kawo ni ginin. Ƙungiyar tana da sharaɗi. Suna so ginin ya sami takardar shaidar da ake ba gine-ginen da ba sa shan wutar lantarki da yawa, wato waɗanda suke yin sanyi da kansu ba sai an cika su da fanka da na'urar sanyaya ɗaki ba. Idan ya samu, za su yi irinsa a Morai da Tsibiri, kuma Nasiru ne zai riƙe aikin duka. Wannan ce damarsa ta farko ta yin suna a sana'arsa, ya kuma san haka.

Ya zaunar da ni a zauren gidanmu ya yi mini bayani. Ya ce a da takardar ba ta da wuyar samu: ka ɗora sola a rufi, ka ajiye tankin tara ruwan sama, ka dasa itatuwa, a zo a duba da ido a ba ka. Ya ce yanzu an tsaurara. Sai an shiga ginin an yi aiki a cikinsa, bazara ta wuce a kansa, sannan a auna zafin ɗakunan, a auna wutar da aka sha kafin a iya zama a ciki. Na ce masa na ji. Gaskiya kunnena ne kawai ya ji. Na riga na sa a raina cewa duk wani mai dubawa mutum ne, in ya ga gini mai kyau zai sa hannu.

Kafin ya kafa turaku sai da ya yi ta zuwa filin, da hantsi da kuma la'asar. Yakan soke sanda a ƙasa ya tsaya yana kallon inuwarta, mutanen ƙauyen suna kallonsa. Da ya gama sai ya ja igiya. Dogayen bangwayen suka kalli kudu da arewa, a nan ya sa ƙofa da baranda da tagogi. Gajeren bango guda, mai kauri, ba taga ko ɗaya, shi ya ba yamma. Hanya kuwa a yamma take.

"Yaya," ya ce, "wanga bango shi ka tare muna rana. Don Allah kar a taɓa shi."

Sai aka kira shi wani horo a Kaduna, kan waɗannan sababbin ƙa'idoji ne ma, ya bar mini filin da turakunsa.

Akwai mai shayi a bakin hanyar, wurinsa muke karyawa. Tun da aka fara haƙa harsashi aka gane inda ginin zai fuskanta, ba'a ta fara. Wani dattijo ya ce, "Lawali, wanga asibiti fushi shi kai da mu? Tun ba a gina shi ba ya juya muna ƙeya." Wani ya ce a'a, kunya ce, irin ta ango a gidan surukai. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma abin ya dame ni. Kawunmu bai taɓa kafa gida ya ba hanya baya ba. A wurinmu ƙofa hanya take kallo, don mai wucewa ya yi sallama, mai gida ya amsa. Fuskar gini kuma ita ce sa hannun magini. Duk motar da za ta Bakura ta nan take bi, kuma ina so na cikinta su leƙo su tambaya wane ne ya yi wannan aiki. Ba na so su ga bango shafe kamar bayan kurkuku a ce na Lawali ne.

Na tsige turakun. Na sake jan igiya, na juya ginin gaba ɗayansa, baranda da ƙofa da manyan tagogi suka koma kallon hanya. Ban rage siminti ba, ban ci bulo ko ɗaya ba, duk awon da ya rubuta na bi shi. Da haka na riƙa kwantar wa kaina hankali. Leburorina ba su iya karanta zane ba, na ce musu an sake shawara, suka ci gaba da haƙa. Nasiru yakan bugo waya ya ce, "Yaya, ya aiki?" In ce lafiya lau, ya yi karatunsa.

Da ya dawo bango ya kai linta, wato saman ƙofa da taga, kafinta ya fara auna katako. Leburori sun tafi cin abinci, daga ni sai shi. Ya sauka daga babur ya tsaya. Ya zagaya ginin, ya dawo inda nake.

"Yaya, mi ya sami turakuna?"

"Gyara na yi maka," na ce. "Takardarka ba ta san inda hanya take ba."

"Ta sani. Ni na zana hanyar a jiki."

Ya nemi ruwa ya sha, ya zauna a kan tarin bulo ya daɗe yana kallon ƙasa. Daga baya na gane abin da yake aunawa. In za a rushe, sai ya rubuta wa ƙungiyar dalili, dalilin kuwa sunana ne. Za a kore ni daga aikin, labari ya zagaya Mafara cewa ƙane ya kai ƙarar wansa, kuma Innarmu tana da rai a lokacin. Sai ya rubuta musu cewa shi ne ya amince a sauya fuskar ginin saboda buƙatar mutanen gari. Ya sa hannu.

Daga nan ya shiga neman yadda zai rage ɓarnar. Ya sa kafinta ya ƙara tsawon bakin rufi ta yamma. Ya sa aka shafa wa kwano farin fenti, aka shimfiɗa abin tare zafi a saman silin. Ya samo dashen dogonyaro ya jera a gaban baranda, ya ɗora wa mai gadi ban ruwa. Ni kuma ina ganin duk wahalar banza ce. Ginin ya yi kyau ƙwarai. Ranar buɗewa har tsayawa motoci suke yi.

Bazara ce ta faɗi gaskiya. Da safe rana ta shigo ta tagogin baya, da la'asar ta sauko ƙasa-ƙasa ta bi ta ƙarƙashin rufin da aka ƙara wa tsawo ta cika baranda, ta shiga har ɗakin da ake duba mata masu ciki. Dashen dogonyaro bai kai ƙugu ba. Matan da suka zo awo suka riƙa barin bencin da aka yi musu suna zagayawa bayan gini neman inuwa da goyonsu. Ma'aikata suka kunna duk fankar da ke akwai, batirin sola ya riƙa ƙarewa tun kafin magariba, firjin allurar rigakafi ya shiga wahala. Masu dubawa sun rataye wasu 'yan na'urori kamar kwalin ashana a ɗakunan, su ke riƙe lissafin zafi. Da suka dawo suka kwashe su, ba su kalli kyan baranda ba. Ginin bai ci awon ba.

Aikin Morai da na Tsibiri aka ba wani daga wani gari. Nasiru ya koma ƙaramin aiki a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, yana duba kwalbati da rufin ajujuwa. A ƙauyen aka sa wa ginin suna tanda, shi kuma Injiniyan Tanda, sunan ya biyo shi har kasuwar Mafara. Alhaji Garba, shugaban kwamitin ƙauyen, mutumin kirki ne amma mai barkwanci, duk inda ya gan shi sai ya ce, "Injiniya, yaushe za ka zo ka gasa muna masa?" Nasiru ya yi murmushi ya gaishe shi. Sau da yawa ina tsaye a wurin. Ban taɓa cewa komai ba, wani lokacin ma na taya dariya.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, ni ginin nan kasuwa ya buɗe mini. Masu kuɗin da suka wuce a mota suka ga fuskarsa sun neme ni, na yi musu gidaje a Bakura da Mafara. Zafin na Injiniya ne, kyan na Lawali. Haka aka raba, na kuma karɓi rabona shekara da shekaru. Muna cin tuwo a kwano ɗaya ranar Juma'a a ɗakin Inna, yana ce mini Yaya, 'ya'yansa suna hawa kafaɗata, bai taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. Da ya zage ni sau ɗaya da na sami abin riƙewa.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Abin da ake yi masa dariya a kai shi ne yanzu kowa yake nema. Wutar gwamnati ba ta zama, man janareto ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, zafi kuma kamar ƙaruwa yake yi. Sola ta hau rufin shaguna da masallatai har ƙauyuka. Mutumin da a da zai ce mini in yi masa gilashi tun daga ƙasa har sama irin na Abuja, yanzu tambayarsa ta farko ita ce ko iyalinsa za su iya barcin rana a ɗakin. Wani Alhaji mai sayar da shanu a Bakura ya ce mini shi soron kakansa yake so, amma da tayil. Na san Nasiru zai yi dariyar wannan, domin ya sha faɗa cewa tsofaffin sorayenmu masu kaurin bango da ƙananan tagogi sun riga littattafansa sanin abin. Sai dai ba ya tsayawa nan. Yakan ce soro ma sai an auna shi, a gyara inda yake riƙe zafi da inda iska ba ta ratsawa.

Ƙa'idojin kuwa sun ƙara tsauri fiye da yadda ya bar su. Bara na yi aikin wasu ajujuwa a wajen Maradun, duk da halin da hanya take ciki, ƙarƙashin wata injiniya daga Gusau wadda ba ta kai babbar 'yata shekaru ba. Masu aikin su ma takardar suke nema. Yanzu ba zafin ɗaki kaɗai ake dubawa ba. Ana tambayar launin kwano, da kaurin abin da ke tsakaninsa da silin, da girman kowace taga gwargwadon bangon da take ciki, da hasken da ke shiga don kada a kunna ƙwan lantarki da rana, har da nisan inda aka ɗauko kayan gini. Akwai tagar da na buɗe ta zarce awo da ɗan abin da bai kai tafin hannu ba. Ta zo ta sa tef ta ce, "Baba, a rage." Na ce, "Hajiya, wa zai gani?" Ta ce, "Rana." Na ji tsohon halina ya taso. Na danne shi, na ɗauko guduma. Ajujuwan sun ci awon, kuma na shiga ɗaya da azahar a tsakiyar bazara na tarar da yara suna rubutu ba mai fifita da littafi. Na tsaya a bakin ƙofa na yi wa Nasiru addu'a.

Ba zan ce da yana nan zai yarda da komai ba. Ya tsani aikin ganin ido, kuma yanzu akwai masu liƙa wa gini sola biyu da tukwanen fure su kira shi sunan da bai cancanta ba. Akwai kuma abin da yake damunsa tun yana raye, cewa takardar ta manyan ayyuka ce, talakan da ke yin ɗaki ɗaya da kwano ba silin ba mai zuwa ya auna masa komai. Shi ya sa a shekarunsa na ƙarshe, in ya ga mutum yana jan igiya a fili, ko bai san shi ba sai ya tsayar da babur ya yi sallama, a gaisa a tambayi iyali da gona, sannan ya ce, "Malam, ina rana ka faɗuwa nan?" Wasu su ji, wasu su ce Injiniyan Tanda ne ya zo. Gidajen waɗanda suka ji suna nan a Mafara, ina iya nuna su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakin shan maganin ma yana nan. Bai taɓa samun takardar ba, ba wanda ya sake nema masa. Amma dogonyaron da ya dasa sun girma sun haɗe kai, sun rufe fuskar da na yi don a gani, yanzu daga mota sai ganye kake hangowa. Mata suna zama a bencinsu har la'asar, masu fura da ƙosai sun kafa a gindin itatuwan. Yaran da aka haifa a wurin ba su san an taɓa kiransa tanda ba.

Idan na auna abin da ya bari, ba manyan gine-gine ba ne, domin na hana shi damar yin su. Ya bar 'ya'ya huɗu masu natsuwa irin tasa. Ya bar magina kamar ni da waɗanda suka koya a hannuna, da ba ma kafa turke sai mun tsaya a fili da la'asar. Ni kuma ya bar mini sanin cewa mutum yana iya fin ka gaskiya ya yi shiru don kada ka ji kunya. Raina a kwance yake yanzu idan na tuna shi, kuma dalili ɗaya ne: Allah bai ɗauke shi ba sai da na buɗe baki. Bayan na yi maganar ya ƙara damina guda a duniya. A cikinta na fara ginin gidan babban ɗansa, aka kawo Nasiru a mota aka ajiye masa kujera a inuwa, na riƙe igiya yana nuna mini da sanda inda zan soke. Ya sa na tsige turke ɗaya har sau uku, ina jin yana yi ne da gangan, don na ga yana danne dariya.

Yadda maganar ta fito kuwa ba shiri na yi ba. Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi, aka dawo da shi gida daga asibiti, aka yi masa shimfiɗa a zaure don masu zuwa dubiya. Wata ranar Talata, bayan an tashi daga kasuwa, Alhaji Garba ya zo da dattawan ƙauyen nan, har da limaminsu. Aka gaisa, aka yi addu'a. Da za su tashi sai Nasiru ya yi abin da mara lafiya yake yi, ya nemi gafarar kowa. Ya ce, "Alhaji, ku yafe mini. Matanku da 'ya'yanku sun sha zafi a ginin nan."

Alhaji Garba ya kama hannunsa ya ce, "Haba Injiniya. Mun yafe tun tuni. Kowa shina kuskure a aikinai na fari."

Ina zaune a bakin ƙofa da buta a hannu. Na ga ƙanena kwance, jikinsa ya ƙare, yana roƙon a yafe masa abin da na yi, ana kuma yafe masa. Na ajiye butar. Nasiru ya gane, ya ɗago hannu yana girgiza mini kai. Ban bi ta tasa ba wannan karon. Na ce dattawa su koma su zauna, na matsa gaban shimfiɗarsa na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa na ƙasa da ni ba.

Na ce, "Alhaji, Liman, ku shaida. Nasiru bai juya ginin nan ba. Ya kafa turakunsa daidai, ya roƙe ni kar in taɓa, yana ba da baya na tsige su don a yabe ni a hanya. Ya sa hannu ne don ya rufa mini asiri. Aikin Morai da na Tsibiri ni na raba shi da su, sunan da kuke kiransa ni ya kamata ku kira. Ku faɗa wa mutanenku haka in kun koma."

Sannan na juya gare shi. Na ce, "Nasiru, ni ne babba amma kai ka riƙe girman. Na cuce ka, na kuma yi shiru ana yi maka dariya. Ka yafe mini don Allah."